Daga Rumbun Balan Zuwa Asibitin Luton: Wa Ya Kamata Ya Ji Tsoron Zazzaɓin Lassa?

A watan Fabrairun 2022 hukumomin lafiya na Birtaniya suka sanar cewa mutum uku 'yan gida ɗaya sun kamu da zazzaɓin Lassa, bayan wata tafiya zuwa Afirka ta Yamma. Ɗaya daga cikinsu, jariri sabon haihuwa, ya rasu a asibitin Luton. Aka umarci ɗaruruwan ma'aikatan asibiti a Luton da Kambirij su killace kansu a gida, aiki ya yi tsaiko, jaridun duniya suka yi ta yayata labarin. A cikin wannan shekarar dai, Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Najeriya, wato NCDC, ta tabbatar da cutar a jikin sama da mutum 1,000, kusan 190 suka riga mu gidan gaskiya. Su kam ba a ji ɗuriyarsu a waje ba.

Masanan ƙasashe masu arziki sun daɗe suna tambayar yaushe ɗaya daga cikin zazzaɓin nan masu sa zubar jini, Ebola ko Marburg ko Lassa, zai tsallaka ya ɓarke a biranensu. Tambayar tana da tushe. Sai dai tarihin shekara hamsin da 'yan kai ya nuna cewa cutar takan isa can, amma ba ta samun wurin zama. Nazarin nan zai dubi dalilin hakan daga wuri irin Balan, mazaɓa a ƙaramar hukumar Gaya da ke gabashin jihar Kano, da maƙwabtanta na Ajingi. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya rataya lafiyar ƙauyukan nan a kan tsoron da Turawa ke ji, ya rataya ta inda ba za ta daɗe ba.

Inda cutar take kwana

Lassa ba daga mutum take farawa ba. Ma'ajiyarta wani ɓera ne da masana ke kira Mastomys natalensis, wanda ake ganewa da yawan nonuwan macen da yawan haihuwarta. An gano rawar da yake takawa ne a Saliyo bayan ɓarkewar 1972. Yana ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ta kwantar da shi ba, yana zubar da ita a fitsari da kashi. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: da damina yana gona, da rani yana gida.

Wanda ya san Balan ko Kademi ko Toranke bayan kaka ya san yanayin. Dammunan gero da dawa sun shiga rumbu. Buhunan wake da gyaɗa kuwa, saboda ɓarayi, an jibge su a ɗakin da maigida yake kwana. An baza shanya a tabarma ko a gefen kwalta. Sai a cinna wa ciyawa wuta, ɓera ya rasa abinci da mafaka lokaci guda, ya nufo gida. A nan zai tarar da randa ba murfi, da ƙullin fura a ƙwarya, da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, abincin da ake ci ba tare da ya sake ganin wuta ba. Da safe mai shara ta tayar da ƙurar da busasshen fitsarinsa ya gauraya da ita, ta shaƙa. Da yamma yara su fita farautarsa da ta gafiya, su feɗe da hannu. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wannan ne ya sa alƙaluman NCDC ke tashi kowace shekara daga wajen Disamba zuwa Maris.

Kano ba ta cikin jihohin da cutar ta fi yi wa katutu. Ondo da Edo da Bauchi da Taraba da Ebonyi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Amma Bauchi maƙwabciya ce, kuma watannin da cutar ke tashi su ne watannin da samari ke tafiya cin rani Kudu suna dawowa. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kan ɗauki har kwana 21. Wannan ya ishi mutum ya taso daga Owo ta jihar Ondo lafiya ƙalau, ya sauka a Wudil, ya hau motar Gaya, ya yi mako biyu a gida kafin jikinsa ya yi zafi. Ya kuma ishi wani ya tashi daga Legas ya sauka Landan cikin ƙasa da awa bakwai, ya wuce na'urar auna zafin jiki ta filin jirgi ba tare da ta ce uffan ba.

Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin komai, ko su yi ɗan zazzaɓi su warke. Cibiyar CDC ta Amurka ta daɗe tana ƙiyasin mutum 100,000 zuwa 300,000 ke kamuwa a shekara a Afirka ta Yamma, kimanin 5,000 su mutu. Cikin waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti, kimanin kashi 15 ko fiye ba sa tashi. Mai tsohon ciki ita ta fi kowa shiga haɗari, kuma galibi cikin ba ya tsira. Cikin waɗanda suka warke, kusan ɗaya cikin huɗu kan samu matsalar ji, wasu har abada. Wannan kurumtar ba ta shiga lissafin mace-mace, amma manomin da ya daina jin kiran salla da cinikin kasuwa ya san abin da ya rasa.

Babbar masifar ita ce kwanakin farko. Zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, amai. Zubar jinin da ya ba irin waɗannan cututtuka suna ba kowa ke yin sa ba, kuma sai can ƙarshe. Don haka mara lafiya zai fara da kemis: "A ba ni na zazzaɓi." In bai sauka ba, a ce taifod ne, a yi allurai. Daga nan sai jiƙe-jiƙe. Kafin a kai ga Babban Asibitin Gaya an ci mako guda. Maganin da aka fi amfani da shi, ribavirin, binciken da aka wallafa a 1986 daga Saliyo ya nuna ya fi tasiri in an fara shi cikin kwana shida na farko, kuma ko wannan sakamakon ma masana na baya-bayan nan suna da ja a kansa. Bayan fiye da rabin ƙarni, babu allurar rigakafin Lassa da aka amince da ita.

Tun ranar farko ta hau jirgi

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tsallakawar Lassa zuwa ƙasar masu arziki ba sabon abu ba ne. Da shi aka fara. A Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Ta ukun, Lily Pinneo, aka ɗauke ta a jirgi zuwa New York, ta rayu. A jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar. Masanin da ke aikin, Jordi Casals, ya kamu, aka ceto shi da ruwan jinin Pinneo, wani ma'aikacin ɗakin gwajin kuma ya mutu. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. Shekara biyu kafin Lassa, a 1967, birai da aka shigo da su daga Yuganda sun kai cutar da ake kira Marburg biranen Marburg da Frankfurt na Jamus da kuma Belgrade, kimanin mutum 31 suka kamu, bakwai suka mutu.

Tun daga nan ba a daina ba. Wani bita da masanan CDC suka wallafa a 2019 ya ƙirga mutum 33 da suka fita da Lassa daga Afirka ta Yamma tsakanin 1969 da 2016. A 1989 wani da ya zo jana'iza Najeriya ya koma Shikago ya rasu. Aka bibiyi sama da mutum ɗari da suka yi hulɗa da shi, ba wanda ya kamu. An sake gani a Landan a 2009, da New Jersey a 2015, da Iowa a Oktoban 2024. Kusan kullum labarin iri ɗaya ne: likitoci su makara wajen ganewa, mara lafiyar sau da yawa ya mutu, cutar ta tsaya a kansa.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Jamus a 2016. An ɗauko wani ma'aikacin lafiya Ba'amurke daga Togo zuwa birnin Kolon ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Ya rasu jim kaɗan da isarsa, aka miƙa gawar ga masu shirya gawa kafin sakamakon gwaji ya fito. Mutumin da ya taɓa gawar a garin Alzey ya kamu, aka yi jinyarsa a Frankfurt ya warke. Kuskuren nan bai bambanta da wanda ake yi a zaurukanmu ba, inda dattijo zai yi wa ɗan'uwa wankan gawa da hannu tsirara don neman lada. Bambancin shi ne a Jamus an gano, an killace, sarƙar ta tsinke a kan mutum ɗaya.

Dalilan tsinkewarta ba ɓoyayyu ba ne. Ɓeran da ke ajiye cutar babu shi a Turai ko Amurka, don haka babu mai sake zuba ta cikin mutane. Tsakanin mutum da mutum kuma, ba ta bin iska kamar mura ko korona. Sai an taɓa jini, amai, fitsari ko wani ruwan jikin mara lafiya. Binciken ƙwayoyin halittar cutar da aka yi a kan ɓarkewar 2018, har da na cibiyar ACEGID da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a garin Ede, ya nuna mafi yawan masu kamuwa daga ɓera suka samo kai tsaye, ba daga juna ba. Inda take bin mutum zuwa mutum, galibi a asibiti ne ko a wajen jinya da jana'iza, wato inda safar hannu da ruwa da sabulu ke yanke hukunci.

Legas, Dallas, Kano

Ebola ta fi Lassa saurin bin mutane, kuma ita ce gwaji mafi girma da wannan tsoro ya taɓa fuskanta. Daga 2014 zuwa 2016 ta kama sama da mutum 28,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe sama da 11,000. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ba shi da lafiya. A asibitin First Consultants an fara da zaton zazzaɓin cizon sauro, kafin Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta gane abin da ke gabanta, ta hana a sallame shi duk da matsin da aka yi mata. Ta rasu ranar 19 ga Agusta. Aka ɗauko tsarin da aka gina don yaƙi da shan inna, aka ɗora Dokta Faisal Shuaib a kan cibiyar gaggawa, aka bibiyi kusan mutum 900 gida-gida. Mutum 20 suka kamu a Legas da Fatakwal, takwas suka mutu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. (Masu shekaru za su tuna daren da saƙon waya ya zagaya ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Har aka yi asarar rayuka a wuraren da Ebolar ba ta taɓa zuwa ba.)

A watan Satumban wannan shekara Thomas Eric Duncan ya je wani babban asibiti a Dallas da zazzaɓi, ya faɗa musu daga Afirka yake, aka ba shi magani aka sallame shi. Bayan 'yan kwanaki aka dawo da shi a motar asibiti. Ya rasu ranar 8 ga Oktoba. Ma'aikatan jinya biyu suka kamu, duk suka warke. A Madrid ma wata ma'aikaciyar jinya ta kamu ta warke. Iyakar abin da annoba mafi muni a tarihin Ebola ta iya yi wa ƙasashe masu arziki kusan ke nan.

Sai namu. A Janairun 2020 gwamnatin Kano ta tabbatar da ɓullar Lassa bayan rasuwar likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sun yi aiki ne a kan wata mai ciki da aka kawo daga jihar Bauchi, aka yi mata tiyatar haihuwa ba a san abin da take ɗauke da shi ba, ita ma ta rasu. Kusan mutum 300 aka sa wa ido, aka koma amfani da cibiyar killacewa ta 'Yargaya, wadda duk mai zuwa birni daga Gaya ta Wudil yake wucewa ta kusa da ita. A wannan shekarar NCDC ta tabbatar da sama da mutum 1,100 a faɗin ƙasa, sama da 240 suka mutu.

In aka jera Kolon da Dallas da Legas da Kano, ƙofar da cutar ta shiga ɗaya ce: likita na farko bai kawo ta a ransa ba. Arziki bai toshe wannan ƙofar ba. Abin da arziki ya saya shi ne abin da ke biyo baya, sakamakon gwaji cikin sa'o'i, ɗakin killacewa na musamman, na'urar wankin ƙoda, ma'aikatan da za a iya cewa su zauna a gida sati uku ba tare da asibiti ya rufe ba. A farkon ɓarkewar 2018, wurare uku ne kacal ke tabbatar da Lassa a Najeriya: Irrua, Legas da Abuja. An ƙara wasu daga baya, har da Bauchi. Amma in har asibitin koyarwa mai manyan likitoci zai yi irin wannan rashi, sai a ƙiyasta halin ungozoma a asibitin sha-ka-tafi, wadda ke karɓar haihuwa da fitilar waya, da safar hannu ɗaya da ta wanke ta shanya.

Ƙasa mai arzikin da ta fi kusa da mu

Idan ana maganar ƙasashe masu arziki hankali kan tafi Turai, alhali wadda Bakano ya fi zuwa ita ce Saudiyya. Dubban alhazai da masu umara ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano kowace shekara. A 2014 Saudiyya ta hana bizar Hajji ga 'yan Gini da Laberiya da Saliyo baki ɗaya. Najeriya ta tsallake ne saboda an daƙile tata da wuri. Da aikin Legas ya lalace, manomin da ya sayar da shanunsa ya biya kujera daga Ajingi shi zai zauna a gida, duk da bai taɓa ganin mai Ebola ba.

Saudiyya tana da dalilin tsoro. A shekara ta 2000 zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a yankin Jizan da kuma Yaman, karo na farko a wajen Afirka, ya kashe sama da mutum 100 a Saudiyya kaɗai. Wannan cutar ta samu wurin zama domin abin da take buƙata, sauro da garken dabbobi, akwai su a can. Martanin shi ne hana shigo da dabbobi daga Kusurwar Afirka, takunkumin da makiyayan Somaliya suka yi shekaru suna ɗanɗana kuɗarsa. Cutar nan ba ta yi mana nisa ba: a 2016 ta kashe sama da mutum 30 cikin makiyayan jihar Tawa a Nijar, musamman Cintabaraden, kuma dabbobin Nijar suna sauka a kasuwanninmu. Haka zazzaɓin Crimean-Congo, wanda kaska ke yaɗawa, ya bayyana a Sifaniya a 2016 a jikin mutumin da bai fita ƙasar ba. Wato cututtukan da ke kafa sansani a sabuwar ƙasa su ne masu zuwa da kaska da sauro da dabba, ba masu zuwa da fasfo ba. Duk da haka a kan mai fasfo ake fara sauke fushi.

Kuɗin tsoro

Ba za a musa cewa tsoron masu arziki ya taɓa amfanar mu ba. An ƙirƙiro allurar rigakafin Ebola a Winnipeg ta Kanada tun farkon shekarun 2000, ta yi ta zama ba mai kula ta, sai da cutar ta leƙa Dallas da Madrid. A Disamban 2014 majalisar Amurka ta ware dala biliyan 5.4, a 2015 aka gwada allurar a Gini, a 2019 aka amince da ita. Daga wannan darasin aka kafa ƙawancen CEPI a 2017, wanda ke ɗaukar nauyin allurar Lassa ta ƙungiyar IAVI da aka fara gwajinta mataki na biyu a Abuja a 2024.

Matsalar ita ce kuɗin tsoro yana bin girman tsoron, ba yawan gawarwaki ba. Lassa tana kashe mutane kowace shekara ba fashi, amma da yake tarihi ya nuna ba ta iya yi wa Landan komai, sai ta shekara 55 kafin allurarta ta kai wannan matakin. Masu cewa "ku taimake mu, in ba haka ba za ta zo muku" suna kafa hujja da abin da alƙaluma ba su goyi baya ba, kuma masu kuɗin sun san haka. A 2025 ma an ga yadda tallafi ke yankewa dare ɗaya, lokacin da Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma rushe hukumar USAID. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Abin da Gaya da Ajingi ke buƙata bai kai tsadar da sai an jira taimakon waje ba. Safar hannu da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a kowane ɗakin haihuwa. Ma'aikacin da aka koya wa cewa zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, musamman a jikin mai ciki ko wanda ya dawo daga tafiya, abin tuhuma ne. Babur da man da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai kai samfurin jini a ranar. Masu kemis, tunda su ne ke fara ganin mara lafiya, a jawo su cikin tsarin maimakon a yi kamar babu su. Limamai da masu wankan gawa a yi musu bayani, domin shari'a ba ta hana sa safar hannu ba. Wannan aikin shugabannin ƙananan hukumomi ne da ma'aikatar lafiya ta jiha da masarautar Gaya, daga hakimi zuwa mai unguwa, kuma lokacinsa Nuwamba ne, kafin a ƙone daji, ba bayan an rasa likita ba.

Kai kuma mai karatu, ka rufe randa da abinci, ka fitar da buhunan hatsi daga ɗakin kwana, ka hana yara feɗe ɓera. In zazzaɓi ya wuce kwana uku ana shan magani bai sauka ba, kada ka koma kemis. Ka je asibiti ka tambayi likita da bakinka ko a gwada Lassa. Layin NCDC na kyauta shi ne 6232.